Daren da muka kai Baba imajansi

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Baba ya dafe ƙirji yana haɗa gumi, numfashi sama-sama, muka kwashe shi sai imajansi, amma nas ɗin ko ɗago kai ba ta yi ba, wai sai mun yanki kati tukuna. Haba! Dattijo ne fa da ciwon ƙirji, ƙa'ida a yi masa ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura, cikin minti 10 da isowa, don in jijiyar zuciya ce ta toshe, tsokar zuciyar mutuwa take yi ana zaune. Na san aiki ya musu yawa, amma ko hawan jini ba a auna ba, muna ta roƙo yana kan benci, sai da wani likita ya zo wucewa ya daka musu tsawa sannan aka kawo gado.