Packera aurea, furen da ke son inuwa da danshi

Kusan kowane lambu yana da lungun da ya gagari mai shi. Ƙarƙashin bishiya ne ko gefen katanga inda rana ba ta leƙowa sai na ɗan lokaci, ko wajen da indararo ke zuba ƙasar ta ƙi bushewa, ka sa wannan ya ruɓe, ka sa wancan ya yi ta tsayi yana ramewa ya ƙi fure, ƙarshenta ciyawa ce kawai ke morar wajen. To ni dai a ganina irin wannan lungun ba abun da ya dace da shi kamar Packera aurea, kuma tun da na sa ta a lambuna duk wanda ya shigo lokacin furenta sai ya tambaya wace shuka ce kuma ya ake kula da ita, shi ya sa na ce bari kawai in rubuta.

Asalinta 'yar gabashin Amurka ta Arewa ce, tun daga Kanada har can kudu wajen Fulorida, tana fitowa da kanta a dazuka masu danshi da bakin rafi da fadamu. Danginsu ɗaya da furen sunflower, wato dangin Asteraceae, kuma shuka ce mai shekaru, in ka dasa sau ɗaya shikenan duk shekara za ta dawo. A wajen masu sayar da furanni za ka ji ana ce mata golden groundsel ko golden ragwort, kuma nan ne sai mutum ya buɗe ido. Da can sunanta na kimiyya Senecio aureus ne, sai a 1976 masana tsirrai Áskell Löve da Doris Löve suka ware rukuninta daga Senecio suka sa masa suna Packera, daga sunan John Packer, wani masanin tsirrai a Kanada, amma har yanzu akwai masu rubuta tsohon sunan a jikin leda, duk abu ɗaya ne. Wanda ba ɗaya ba shi ne Ligularia dentata, ita ma ana ce mata golden groundsel alhali daga Sin da Japan ta fito, ganyenta manya-manya ne kuma furenta sai can ƙarshen lokacin zafi. Sannan ga Senecio vulgaris, wannan kam ciyawa ce zalla mai shekara ɗaya da manoma ke yaƙi da ita, kar wani ya ba ka irinta da sunan fure. Saboda haka in za ka saya ka duba sunan kimiyyar, kar ka tsaya kan na kasuwa.

Yawancin mutane furen ne ke jan su amma ni ganyen ne ya saye ni. Na ƙasan nan masu siffar zuciya, kore shar mai duhu da ɗan sheƙi, bakinsu da ƙananan haƙora, in ka sa yatsa ka juya ɗaya sai ka ga bayansa shunayya ne. A kwance suke kusa da ƙasa suna hawa kan juna har ba ka ganin ƙasar sam, kuma inda hunturu bai yi tsanani ba haka za su zauna kore duk shekara. Da sanyi ya fara janyewa sai kara ya taso daga tsakiya, tsayinsa kamar santimita 30 zuwa 60, ganyen da ke jikin karan daban yake da na ƙasa, siriri ne mai yanka-yanka, har wani zai rantse shuka biyu ce ta haɗu waje ɗaya. A saman karan sai ƙananan ƙulli su fito, su ma shunayya, a dunƙule gam, ka yi kwanaki kana kallonsu kana cewa ai furen ma haka zai fito, sai wata safiya ka tarar sun buɗe rawaya fes, kowane fure faɗinsa bai wuce santimita biyu da ɗan wani abu ba amma da yake a tare suke buɗewa kuma a inuwa, wallahi daga nesa kake hango wajen. A ƙasashen da ta fito galibi tsakanin Afrilu da Mayu ne, kuma tana ɗaukar makonni tana yi. Lokacin nan furanni ba su yi yawa ba tukuna, don haka ƙananan ƙudan zuma da wasu ƙudaje masu shawagi a kan fure ba sa barin wajen.

Maganar kula da ita kuwa kusan duk ta ruwa ce. Tana son ƙasar da ba ta bushewa, mai ruɓaɓɓen ganye a ciki, ko yumɓu ne ba ta damu ba, ko ruwa ya ɗan kwanta bayan an yi sama ba komai. Inuwa rabi da rabi ita ce daidai, ranar safe da inuwar yamma, amma tana jure inuwa sosai, sai dai furen zai ɗan ragu. A fili tsakar rana ma tana iya yi in har ƙasar a jiƙe take kullum, in ba haka ba da azahar za ka ga ganyen ya yi laushi ya kwanta, bakinsa ya fara ƙonewa. Ga yadda nake ganewa, in ta kwanta da rana amma da magariba ta miƙe to zafi ne kawai ya dame ta, in kuma har washegari da safe tana kwance to ƙishi ne, a ba ta ruwa mai yawa a gindi ya shiga ƙasa sosai, ba yayyafi a kan ganye ba. Ƙarƙashin manyan bishiyoyi sai an ƙara lura, don inuwar na ruɗin mutum ya ɗauka akwai danshi alhali saiwar bishiyar ta shanye komai, gara ka tura yatsa cikin ƙasa ka ji da kanka.

Sai kuma yanayi, gara in faɗa tun yanzu kar wani ya yi asarar kuɗinsa. Shukar ƙasar sanyi ce. A taswirar yankunan sanyi ta ma'aikatar gona ta Amurka ana sa ta daga yanki na 3 zuwa na 8, na ukun nan sanyinsa na iya kaiwa kusan digiri 40 ƙasa da sifili kuma tana tsallakewa lafiya lau. Inda babu hunturu na gaske, zafi ne daga farkon shekara har ƙarshe, wahala za ta sha kuma ba lallai ta yi fure ba ko da ana ba ta ruwa safe da yamma.

Dashe ba wuya. Ka sassauta ƙasar, ka gauraya ta da takin ganye, ka bar tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakanin kowace da 'yar uwarta, wuyan shukar ya zauna daidai da saman ƙasa kar a binne shi, ka shayar da ita sosai. Lokacin da ya fi shi ne farkon fitowar sanyi ko bayan wucewarsa, ba tsakiyar zafi ba. A shekarar farko kar ka bari ta bushe ko sau ɗaya, ka baza busasshen ganye a tsakaninsu ya riƙe danshi. Wajen zai yi maka kamar da sauran fili da yawa, ka yi haƙuri kar ka cusa wasu, cikin shekara biyu zuwa uku za su haɗe. Takin zamani kuwa ni ban ga amfaninsa gare ta ba, ganyen bishiya da ke zubowa yana ruɓewa ya ishe ta, sai dai in ya taru da kauri ya danne ta a ɗan yaye shi da hannu. Ana iya shuka irin ma, a watsa a saman ƙasa a ɗan danna ba tare da an rufe ba don yana son haske kafin ya tsiro, amma hanyar tana da jinkiri, in kana da wanda zai tsaga maka daga tasa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda ainihin aikin yake, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba: wannan shukar ba ta zama inda aka ajiye ta. Hanya biyu take yaɗuwa. Ta farko saiwa ce mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, tana tafiya a hankali tana fidda 'ya'ya a gefe, ta biyu kuma iri ne, don da furen ya bushe sai kansa ya koma farin gashi kamar auduga, kowane ɗan iri da nasa gashin, iska kaɗan ta isa ta kwashe su ta kai can wani gefen lambun har da na maƙwabci. To sai ka zaɓa tun wuri. In fili kake so ta cike maka, ka ƙyale ta ta yi iri. In ba haka ba, da ka ga rawayar ta fara dusashewa ta koma ruwan ƙasa, kafin farin gashin ya fito, ɗauko almakashi ka bi karan ɗaya bayan ɗaya ka yanke tun daga gindi daidai saman ganyen ƙasa. Kar a yanke kan kawai a bar karan tsaye, munin da yake yi in ya bushe ba kaɗan ba ne. Kuma abun da ka yanke kar ka zube shi nan gefe, don furen da ya kusa nuna yana iya ƙarasa yin iri ko bayan an yanke shi, a sa a buhu a fitar. Ni nakan bar kara kaɗan a can baya inda nake son ta ƙara cika, sauran duk in share, bayan kwana kaɗan wajen ya koma kore lumui kamar ba a taɓa yin fure ba.

Ita kuma saiwar iyaka ake mata. Sau ɗaya a shekara ka bi gefen da shebur ka datse duk wadda ta tsallake layi, da yake saiwar ba ta nitsewa can ƙasa fizga ɗaya take fitowa musamman in ƙasar a jiƙe take, shi ya sa ban sa ta cikin shuke-shuken da ke zama bala'i ba. Waɗanda ka ciro ɗin ai su ne sabon dashenka, kowane guntu mai ganye da 'yar saiwa zai kama. In tsakiyar ya cushe sosai bayan wasu shekaru sai ka tono dunƙulen ka raba shi da hannu ka mayar da rabi. Abun da ba zan ba da shawara ba shi ne haɗa ta da ƙananan furanni masu laushi, za ta hau kansu ta shaƙe su ba tausayi. Abokan zamanta su ne masu tsayi da ƙarfi, irin su fern manya (shukar inuwa mai ganye kamar gashin tsuntsu, ba ta fure) da ƙananan bishiyoyin ado, su suna sama ita tana rufe musu ƙasa, ciyawa ta rasa inda za ta fito.

Akwai magana ɗaya da ba ta wasa ba. Duk jikinta akwai sinadaran da ake kira pyrrolizidine alkaloids, masu lalata hanta, kuma illar taruwa take a hankali, dabba na iya ci kaɗan-kaɗan ba a ga komai ba sai ciwon ya yi nisa. Dawaki da shanu sun fi shiga hatsari, kuma bushewa ba ta kashe gubar, don haka abun da ka yanke kar ya shiga cikin harawa ko a watsa wa dabbobi, kar kuma a shuka ta jikin shingen da suke miƙo kai. Za ka karanta cewa mutanen asalin Amurka da masu maganin gargajiya na can sun yi amfani da ita a da, musamman kan lalurorin mata, gaskiya ne an yi, amma don Allah kar wani ya ce zai dafa ya sha. A ja wa yara kunne, mai saurin ƙaiƙayin fata kuma ya sa safar hannu in zai yi yanka. Wannan gubar dai ita ce dalilin da ya sa barewa da zomo galibi ke wuce ta su je su ci wani abun.

Kwari ba su cika damunta ba. Dodon koɗi kan huda ganye tunda shi ma danshi yake bi, a fito da tocila da daddare a tsince su ya wadatar. Wani lokaci kuma cutar tsatsa takan fito a bayan ganye, ɗigo-ɗigo ruwan lemu, sai a cire ganyen da ya kamu a rage cunkoso iska ta samu hanya.

In kuma lungun naka inuwa ce amma ba danshi sosai, akwai 'yar uwarta Packera obovata. Ganyenta ya fi zagaye da ƙanƙanta, furen kusan iri ɗaya, ita ta saman ƙasa take miƙa rassa tana kafa sabuwar saiwa, kuma ta fi jure ƙasa mai duwatsu da ɗan ƙarancin ruwa. Ita ma dai a shekarar farko sai an bi ta da ruwa, kuma yankan kara bayan fure da datse gefe duk ɗaya ne da na aurea.