Wasiƙa daga Shikago: a nan har akawun kotu ƙuri'a ake kaɗa masa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya iyali, ya tsadar rayuwa? Allah ya kawo sauƙi. Saƙonninku suna isowa, kuma kusan duk abu ɗaya kuke tambaya: yaya sanyi, nawa ne kuɗin mota, wa na zaɓa tsakanin Trump da Kamala. Zan zo kan sanyi da mota, amma bari mu fara da zaɓe, don abin da ya fi ɗaure min kai a takardar ƙuri'ar 2024 yana can ƙasa da sunan shugaban ƙasa.

Takardar doguwa ce. Bayan manyan kujeru akwai jerin alƙalai da ake tambayarka ko su ci gaba ko su sauka, kuma sai alƙali ya samu kashi 60 cikin ɗari na "e" zai zauna. A cikin wannan doguwar takarda akwai kujerar akawun kotu na gundumar Cook, wadda Shikago ke cikinta, mai mutum fiye da miliyan 5. Wa'adinsa shekara 4. Ba ya yanke hukunci. Aikinsa riƙe fayil, karɓar takardun ƙara, tara da kuɗin kotu, da tura ma'aikatan da ke zama kusa da alƙali suna rubuta abin da aka zartar.

Da farko dariya abin ya ba ni, ganin mace da fosta da talla a talabijin tana neman aikin akawu. Mariyana Spyropoulos ke nan, wadda ta kayar da mai riƙe da kujerar, Iris Martinez, a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat a watan Maris na 2024, sannan ta ci na Nuwamba. Kamfen ɗinta babu maganar gada ko titi. Magana ce ta yadda za a zamanantar da ajiyar fayiloli, yadda jama'a za su iya sanin inda kuɗin ofishin yake tafiya, da tsaftace ɗaukar aiki daga alfarmar siyasa. Wannan na tsakiyar yana da tushe: dokar samun bayanan gwamnati ta jihar Illinois, inda Shikago take, ba ta hau kan ɓangaren shari'a ba, don haka ɗan jarida ba shi da igiyar da zai ja ofishin ya buɗe littafinsa.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba ku labari. Dorothy Brown ta riƙe wannan kujera daga 2000 zuwa 2020, ana zaɓenta ana sake zaɓenta, kuma har ƙarshen zamaninta lauyoyi suna ƙorafin cewa da takardar kabon ake kwafe umarnin alƙali a wasu ɗakunan shari'a. Takardar kabon, a Amurka! Sai a 2018 jihar ta wajabta shigar da ƙararrakin farar hula ta intanet. Ga shi yawancin masu zaɓe ba su san 'yan takarar ba, jam'iyya kawai suke dubawa su wuce. Amfanin da na gani shi ne ofishin yana da mai shi da suna da fuska, kuma duk shekara 4 dole ya fito ya amsa tambayar da ke ƙona mutane: kwana nawa takarda take yi kafin ta isa gaban alƙali?

Nan ne zuciyata ta koma gida. Shari'ar gonar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba alƙali ne ya wahalar da mu ba. Tsoho zai yi asubanci ya hau mota, ya zauna a benci har azahar, sai a leƙo a ce, "Baba, ba a ga fayil ba, a dawo wani watan." Ranar da ƙanensa ya miƙa na goro ta taga, fayil ya fito daga ƙarƙashin tebur da ƙurarsa. A wurinmu hukumar kula da ma'aikatan shari'a ce ke ɗaukar rajistara da akawu, ba ƙuri'a ba, kuma ban ce a canza wannan ba, don na san abin da za a mayar da kujerar in ta shiga hannun 'yan jagaliya. Amma duk mai shari'a a cikinku ya rubuta lambar ƙararsa a wuri biyu, ya karɓi rasit na duk kuɗin da ya biya ko da naira 200 ne, ya ɗauki hoton kowace takarda da waya kafin ya miƙa. In ɗan takarar majalisar jiha ya zo ƙofar gida da atamfa da taliya, babu laifi a tambaye shi ko ya taɓa shiga ɗakin ajiyar fayil na kotun garinku.

Sanyi kuwa, yana nan, iskar tafkin Michigan ba ta san babbar riga ba. Maganar mota sai wasiƙa ta gaba, don sai na bi ta kan kuɗin jirgin ruwa da na kwastan kafin in faɗi farashin da wani zai riƙe ni da shi. A gaida kowa da kowa.