Baƙar fota daga tsiron dawa

Ranar Asabar na buɗe gangar fota, wato baƙar giyar da nake dafawa, wadda ta yi mako uku tana kwance a ɗakin baya. Kafin in kai baki sai na ɗaga kofin wajen taga. A kan tebur baƙa ce wuluk, amma da haske ya ratsa ta gefenta ya koma ja kamar zoɓo. Kumfarta ta hau kamar yatsa biyu, launin ƙasa-ƙasa, ta daɗe ba ta kwanta ba. Ƙamshin gahawa ne ya fara zuwa, bayansa na ƙanzon tuwo, wanda muke faɗa a kansa muna yara. A baki da ɗan zaƙi tukuna, sannan ɗaci ya biyo a hankali irin na goro, ya tsaya a bayan harshe ba tare da bauri ba. Abin da ya rage mini shi ne kauri: ta ɗan yi ruwa-ruwa, kuma na san inda na yi sake.

Masu zuwa shagonmu a nan Jos sukan tambaya me ya sa ake ce mata fota. Sunan daga Landan ya fito, tun shekarun 1700, domin 'yan dakon birnin, waɗanda ake kira porter da Turanci, su ne suka fi shanta. A 1817 wani Bature, Daniel Wheeler, ya ƙirƙiro gangar ƙarfe mai juyawa a kan wuta da ke soya tsiron sha'ir har ya yi baƙi bai ƙone ba. Tawa gangar wani maƙeri ne ya haɗa mini, da hannu muke juya ta, amma dabarar ɗaya ce. Stout ɗin da kowa ya sani, wanda kamfanin Guinness ya fara yi a nan Najeriya, a Ikeja, a farkon shekarun 1960, asalinsa fota ce mai ƙarfi. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dole manyan kamfanoni suka koma ga dawa. Kakata kuwa, da ta shekara da shekaru tana dafa burukutu a Mangu, dariya ta yi, wai sai yanzu suka gano hanya.

A wurinta na koyi tsiro. A jiƙa dawa, a tsane, a shimfiɗa a lulluɓe, ana yayyafi ana juyawa kwana huɗu ko biyar. Idan ta bushe a murje saiwar da tsiron a sheƙe su tas, don akwai guba a cikinsu. Ba ta da agogo, ƙwaya ɗaya take tauna ta ce, "Jikalle, kwashe, ya isa." Suyar baƙin tsiro ni na ƙaro daga baya, kuma ta ci mini buhuna. Tsakanin ƙamshin gahawa da ƙaurin gawayi bai fi minti biyu ba. Hayaƙin nake kallo, in fasa ƙwaya da haƙori: cikinta ya zama ruwan ƙasa mai duhu. In ya yi baƙi har ciki, kaji ma ba za su ci ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu ƙona sukari su zuba a farar giya su kira ta fota, su karya farashi. Launi kam ya yi, amma kurɓi ɗaya za ka ji zaƙin alewa ya manne maka a baki, babu ƙanzo babu gahawa. Sai mutum ya zo yana taya tawa da kuɗin tasu! Ga dillalan hatsi kuma. Bara wani ya rantse mini sabuwar kaura ce, na jiƙa buhu biyu, rabi bai tsiro ba, ashe tsohuwa ce da ta sha maganin ƙwari a rumbu. Yanzu sai na ƙirga ƙwaya ɗari na rufe a jiƙaƙƙen tsumma kwana uku kafin in biya ko sisi.

Wanda ya saya, don Allah kada ya bar ta ta yi ƙanƙara a firiji, sanyi mai yawa yana kashe ƙamshin. Sanyin randa ya ishe ta, ko na hunturun Jos da yamma. Ta fi tafiya da balangu ko gasasshiyar gyaɗa. Ganga ta gaba zan ƙara mata tsiron jar dawa don ta yi jiki, na riga na jiƙa shi jiya.