Batirin tocila ya kusa ja mana gobara

Daren jiya Allah ne ya tsare mu. Na sa batirin tocilata a caji na kwanta, can cikin dare wani irin wari ya tashe ni. Na taɓa batirin, wallahi sai da na yarfe hannu don zafi. Da tsumma na ɗauke shi na ajiye a tsakar gida kan yashi.

Laifina ne. Batirin lithium ne samfurin 18650, na saya da araha don na ga an rubuta 9900mAh a jikinsa, wato yawan cajin da yake ɗauka. Ashe na gasken ba ya wuce kusan 3500mAh, kuma yana da ɗan nauyi a hannu. Nawa kuwa sakayau kamar kara. Shi ya sa ko awa ɗaya ba ya yi haske ya dushe. Cajar ma ta banza ce, ba ta yanke wuta idan ya cika, wato ya kai volt 4.2, ga zafin Afrilu.

Abin da ya fi tsorata ni: ledar jikinsa ta yage tuntuni, ni kuwa ina jefa shi aljihu tare da makullan babur, alhali ƙarfen makulli zai iya haɗa wutar batirin ya kama da wuta.