Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Asubar da bakin Baba ya karkace

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan sati. Wancan karon na tsaya a inda muka gama karatun ƙirji da ciki a makarantar koyon likita, sai aka shigo da mu kai da wuya, kuma duk wanda ya yi karatun likita zai gaya muku nan ne anatomi, wato ilimin sassan jikin ɗan Adam, ke nuna wa mutum ainihin halinta. Jijiyoyi 12 ne bibbiyu, dama da hagu, suna fitowa daga ƙwaƙwalwa kai tsaye, kowacce da ƙofar da take bi a gindin ƙoƙon kai, kuma malam so yake ka faɗi ƙofar da abin da ya ratsa ta ba tare da ka tsaya tunani ba. Ta 1 ƙamshi, ta 2 gani, ta 10 kuwa yawo ne da ita har zuciya da hanji take sauka. Ni dai haddacewa kawai nake yi, kaina har zafi yake.

Ana cikin haka, tsakiyar hunturu, sanyin Jos ɗin nan da ko ruwa ba ka son taɓawa, Mama ta kira ni tana kuka wai in zo gida bakin Baba ya karkace. Ya tashi alwalar asuba ne, yana kurkurar baki ruwa na zuba ta gefen dama ba ya iya riƙewa. Kafin keke ya sauke ni a Angwan Rogo gida ya cika, Gwaggo ta riga ta yanke hukunci aljani ne ya mare shi, maƙwabcinmu kuma ya dage hawan jini ne, shanyewar ɓarin jiki ta kama hanya.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba don Allah ku ɗaga min gira. Ya ce "Uwata, yau kuma ni za ki gwada wa karatun?" maganar na fita a gurguje amma dai ya ɗaga. Goshin hagu ya tattare, na dama shafal ko motsi babu. Na ce ku rufe ido, na daman ya ƙi rufuwa, ƙwayar ta juye sama sai fari kake gani, Mama ta sake fashewa da kuka. Na ba shi yatsuna ya matse da hannu biyu, ƙarfi ɗaya, ya miƙe ya taka lafiya lau. Wallahi a nan hankalina ya ɗan dawo.

Bari in yi muku bayani don wannan zai amfani wani. Jijiya ta 7 ita ke motsa naman fuska, tana bi ta wani ɗan siririn rami cikin ƙashin kunne, ta fito ta bayan kunnen ta ratsa ƙululun yawun nan da ke kumbura in yaro ya yi hangum, sannan ta rabu gida 5 kamar yatsun hannu a kan kunci. In ta kumbura a cikin ramin babu wurin buɗawa, sai ta matse, ɓarin fuskar gaba ɗaya ya saki har goshi. Shi kuwa goshi daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa yake karɓar umarni, shi ya sa a mafi yawan shanyewar ɓarin jiki baki na karkacewa amma mutum na iya ɗaga gira. Jijiya ta 7 ɗin ce kuma ke ɗauko ɗanɗano daga gaban harshe, tana kula da hawaye, tana riƙe da wani ɗan mitsitsin nama a cikin kunne mai rage ƙara, to da Baba ya ce shayi ya yi masa salam a gefe guda kuma lasifikar masallaci kamar a cikin kunnensa take, sai na ga littafina zaune a kan tabarma. Cutar Bell ake ce mata, sunan Charles Bell ɗan Sikotilan da ya yi bayanin aikin jijiyar a 1821.

Amma fa ban tsaya ina burga ba, ɗalibar aji 2 ba likita ba ce, kuma duk bakin da ya karkace asibiti ne wurinsa a ranar, kada wani ya karanta wannan ya zauna gida yana gwajin gira. Yaya ya ɗauko mota muka tafi. Likita ta auna jini da suga, ta leƙa kunne ko akwai ƙuraje, ta rubuta firedinisolon, maganin rage kumburi, ta ce cikin awa 72 na farko ya fi aiki, da maganin ɗigawa a ido, ta ce in zai kwanta a rufe idon da filasta don kada ya bushe ya yi gyambo.

Gwaggo dai ba ta fasa hayaƙinta ba, ni ma ban ja da ita ba, sharaɗi ɗaya na kafa, ba mai sa masa komai a ido. Bayan 'yan makonni gira ta fara motsi, har yau gardama suke da Mama a kan wanda ya warkar da shi.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ranar da aka ba ƙungiyarmu wuyan gawa mu buɗe, da abin da ya sa ƙawata ta koma karatun harhaɗa magunguna.