Godiya ga Allah da ku, an saka wa yarona farar riga

Jama'a, sai yau na samu kaina. An gama lafiya, godiya ta tabbata ga Ubangiji. Ɗana ya fita daga sahun 'yan gwaji, an saka masa farar riga, ya zama cikakken mawaƙi a babbar majami'ar Salisbury da ke kudancin Ingila. Har kansa an ɗan gwara a kan dutsen nan da ya lotsa saboda kawunan yaran da suka riga shi, kamar yadda al'adarsu take. Shi dariya yake yi, ni kuwa hawaye sun hana ni ganin komai.

Kun san abin da muka sha da rashin lafiyarsa a hunturun bara, ba sai na maimaita ba. Abu ɗaya ne ba zai fita daga raina ba. Daren da ƙirjinsa ya toshe ina bakin aiki, ina duba marasa lafiyan wasu, nawa yana can ɗakin kwanan makarantar majami'ar yana kokawa da numfashi. Matar da ke kula da ɗakin kwanansu ta kira ni, ta kara masa wayar a kunne, ta ce in yi masa magana da harshenmu. Na rasa abin faɗa, sai na kama waƙar da kakarsa ke yi masa a Wusasa. Ina ji numfashin yana sauka kaɗan-kaɗan. Da na isa asibiti da asuba na tarar da ita zaune a kujerar roba, hannunsa cikin nata, rigar barcinta ce a ƙarƙashin kwat. Baiwar Allah, na san ba kya son a ambace ki, amma bakina ba zai iya shiru ba. Allah ya tsaya wa naki 'ya'yan yadda kika tsaya wa nawa.

Malamin waƙa, na gode da haƙurinka. Yaro ya yi makonni ba murya, ba ka taɓa nuna masa za a cike gurbinsa ba. Makarantar da aka kafa tun 1091, wadda yaranta ke gwajin waƙa da sassafe kafin a shiga aji, su kuma yi sujadar yamma, ita ce ta jira ɗana har ya warke. Yanzu ƙanwarsa ma ta ce sai ta shiga, tunda tun 1991 suke ɗaukar 'yan mata.

Hajiya maƙwabciyata, ke kika riƙe mini ƙaramar dare da rana, har da kunu a fulas. Allah ya saka miki da alheri, ya raya zuri'arki. Zumuntar Mata na Wusasa, azuminku da addu'arku sun iso mu. Goggo, na ga kiranki na tsakar dare duka, Allah ya ƙara miki lafiya da tsawon rai.

Akwai 'yan'uwa na jini da ke nan ƙasar, tafiyar jirgin ƙasa kaɗan ce tsakaninmu, ko saƙon "ya mai jiki" ban gani ba. Yaron ya tambaye ni su, na ce aiki ne ya riƙe su. Na bar shi a nan.

Ubangiji ya tsare kowane yaro da ke kwana nesa da uwarsa, ya ba masu kula da su ƙarfi da tausayi, ya warkar da na kwance, cikin sunan Yesu, amin. Waɗanda ban amsa kiransu ba ku yi mini haƙuri, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya idan na huta.