Auta ya dawo gida, na zo in yi godiya

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

An sallame mu daga asibiti. Auta yana gida, yana dogara sanda, kumburin ƙafar bai gama sacewa ba, amma yana ci yana barci. Jiya har faɗa ya yi da yayarsa a kan caja, ni kuwa ina ɗaki ina jinsu ina dariya da hawaye. Duk wanda ya kira ban ɗauka ba, ya yi mini haƙuri. Sau da yawa wayar tana hannuna, ina ganin sunanku, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Yanzu ma a gajiye nake rubuta wannan, idan na tsallake wani, mantuwa ce irin ta wadda ta daɗe ba ta runtsa ba.

Ba zan koma kan labarin gona ba, kun riga kun ji: kububuwa ce ta sari ɗana Auta, a ƙarƙashin harawar wake. Abin da ba ku gani ba shi ne minti ashirin ɗin nan na kwalba.

Wanda bai taɓa kwana a asibitin saran maciji na Kaltungo ba bai san su ba. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai iya zama yana hira da kai, alhali jini yana tsiyaya a cikinsa. Shi ya sa suke ɗiban jini kaɗan su zuba a busasshiyar kwalba ta gilashi, su ajiye, kada kowa ya taɓa, sai minti ashirin sun cika. Sannan nas ta karkata kwalbar. Idan jinin ya tsaya, an gode Allah. Idan ya gangaro, dafi yana nan yana aikinsa. Na Auta ya gangaro. Aka sa masa maganin dafi ta jijiya, aka ce sai bayan awa shida a sake gwadawa. Da aka sake, ya kuma gangarowa, ga dasashinsa yana jini, ya tofa a tsumma ya ɓoye don kada in gani. Na gani.

A lokacin ne addu'a ta ƙare mini. Ni da na yi shekaru ina koyar da yara a makarantar Lahadi, ni da nake ba da waƙa a Zumuntar Mata, na lalubi cikina ban sami ko kalma ɗaya ba. Tun rasuwar babansu ban taɓa jin sama ta yi mini nisa haka ba. Ina zaune a kan benci, Mama shugabar Zumuntarmu tana gefena, ta biyo mu da zanen da ke jikinta, ko takalmin kirki ba ta tsaya sawa ba. Na ce, "Mama, ba ni da addu'a. Na nema, babu." Na zaci za ta tsawata mini, ko ta buɗe mini aya. Sai ta kama hannuna ta ce, "To ki zauna, 'yata. Yau ba ke ce mai yi ba, mu ne." Ta ce in tuna da shanyayyen nan na Kafarnahum a Markus sura 2, wanda mutum huɗu suka ɗauko, suka rasa hanya saboda taro, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi. Ta ce, "Me aka rubuta Yesu ya gani? Bangaskiyarsu. Ta masu ɗaukar. Shi na kan tabarmar ba a ce ya buɗe baki ba."

Na karanta wurin nan ban san iyaka ba, amma kullum a cikin masu ɗauka nake sa kaina. Ban taɓa tunanin wata rana ni ce zan kwanta a tabarmar ba. Daren nan na kwanta. Mama ta kira mata, aka ce mini sun taru a majami'a da fitilun waya saboda babu wuta, suna ta addu'a suna waƙa har zakara ya yi cara. Ni ban yi komai ba, ina kallon agogon bango kawai. Aka ƙara masa magani. Gab da asuba nas ta sake ɗiban jini ta ajiye kwalba, muka sake zaman minti ashirin. Da ta karkata, jinin bai motsa ba. Ta kife kwalbar gaba ɗaya a gabana, bai zubo ba. Ta ce, "Mama, ya kama." Mama shugaba ce ta yi Halleluya. Ni ƙasa na zame na zauna.

Tun ranar nake juya maganar dogara ga Allah. Da, na ɗauka ƙarfin zuciya ne, ka tsaya daram kana furta alkawari. Wataƙila ga wasu haka ne. Ni dai tawa dogarar ba ta wuce zama a benci ba, da barin wasu su ɗauke ni, kuma Ubangiji bai raina ta ba. A Littafin Ƙidaya sura 21, da macizai suka addabi Isra'ilawa a jeji, roƙonsu shi ne a ɗauke macizan. Allah kuwa ya ce wa Musa ya ƙera na tagulla ya ɗaga a sanda, wanda aka sara ya duba ya rayu. Dubawa kawai aka nema daga gare su, kuma wanda dafi ya ci ƙarfinsa ina ganin sai da wani ya tallabo masa kai.

Akwai waɗanda tun a gona suka ce a bar yaron a gida a yi addu'a, suna kawo Bulus a tsibirin Malita, yadda ya karkaɗe maciji cikin wuta bai ji komai ba. Na san da ƙauna kuka faɗa, ban riƙe kowa ba. Amma wanda ya rubuta mana labarin nan a Ayyukan Manzanni 28, wato Luka, likita ne, Bulus da kansa ya kira shi ƙaunataccen likita. Wata nas ta gaya mini cewa macizan ƙasarmu ne aka kai har Liverpool a Ingila aka tatsi dafinsu, aka haɗa maganin daga jinin tumaki da dawaki. Na yi shiru ina mamaki. Ashe tun kafin Auta ya ɗaga harawar nan Allah ya riga ya sa wasu aiki a kansa. Don haka ina roƙonku, kaka ce yanzu: idan abin ya faru, kada a tsaga, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaya jiƙa saiwa. A ɗauki mutum a tafi, a yi addu'ar a kan hanya.

Yanzu godiya. An ce kada in ambaci kowa, lada na wurin Allah. Na ji, amma ba zan iya ba.

Malam mai shago, maƙwabcinmu, kana shirin tafiya masallaci aka kawo maka labari, ka tayar da babur, ka sa ƙaninka ya riƙe yaron a baya, ba ka tsaya ba sai ƙofar asibiti. Na miƙa maka kuɗin mai ka ce, "Haba Maman Auta, ɗana ne fa." Allah ya saka maka da alheri, ya tsare maka zuriya, ya sa kada ka ga irin wannan rana a gidanka.

Baba Fasto da Mama, kun zo da shayi da bargo, kun zauna ba ku cika ni da magana ba, na gode. Dattawan ikkilisiya, ambulan ɗinku ta iso a daidai lokacin da ban san inda zan juya ba. Matasa, an ce kun yi gayya kun gama mini roron waken, kun sussuka kun kai gida, har kuka sayo takalman roba da kuɗinku kafin ku shiga gonar. Ubangiji ya ba ku aikin yi, ya ba ku mata da maza na gari. Likitoci da nas-nas, musamman 'yata mai aikin dare wadda ta kife mini kwalba, Allah ya ƙara muku basira, ya huce gajiyarku. Matar Bafulatanin da gadon ɗanta ke kusa da namu, ba ma jin yaren juna sosai, amma kin raba furarki biyu kin ba ni. Mun baro ku a can. 'Yan'uwa, ku sa yaron nan a addu'a, hannunsa ne, kuma sun iso a makare.

Dangin babansu na birni, na ga saƙonku na waya, na gode. Na san hidima ta yi yawa, hanya kuma ba kyau. Yaron dai ya tambaye ni ko baffanninsa sun zo yana barci, na ce suna hanya. Zumunta a ƙafa take, haka iyayenmu suka ce. Ƙofa a buɗe take, ba sai Kirsimeti ba.

Ya Uba, Mai jinƙai, uban marayu, mai tsaya wa gwauraye, ka ga kowane hannu da ya ɗauke mu. Ka tuna da su a ranar tasu wahalar. Wanda ya ba da kuɗi ka mayar masa ninki, wanda ya ba da barcinsa ka ba shi hutawa, wanda ya yi kuka tare da ni ka share masa nasa hawayen. Ka tsare manoma da makiyaya a wannan kaka, ka tsare yaran da ke shiga ciyawa ba takalmi. Waɗanda suka shiga asibitin nan ba su fito da nasu ba, ka ta'azantar da su, gama ban fi su da komai ba. Cikin sunan Yesu, Amin.

Ranar Lahadi mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu kawo baikon godiya a sujadar safe, Auta ya ce shi zai riƙe kwaryar waken da kansa. Kowa ya zo. Kuma wadda ta kawo mana tuwo a shuɗiyar kula mai fasasshen murfi, kular tana wurina, na wanke ta, ban san ko ta wace ce ba.